Ba Ari Mai Inji da Rumbun Unguwa

Duk wanda ya tashi a Dogo Tebo ya san ƙarar injin Ba Ari. Da hantsi ya ɗan ɗaga za ka ji ya tayar da shi, ya yi ta tari kamar tsoho mai mura, sannan ya kama ruri. Daga nan mata da 'yan mata su fara fitowa daga lunguna da kwanoni da bokitai a ka. Rumfar kwano ce 'yar ƙarama a bakin layi, gindin wata bishiyar maina, amma rabin tuwon unguwarmu daga cikinta yake fitowa.

Sunansa Ari Kaumi. Mahaifinsa Kaumi ya zo Potiskum daga Borno yana fataucin kanwa da busasshen kifi, ya ga garin ya karɓe shi, sai ya zauna. A nan aka haifi Ari. Hausa yake yi da kowa, sai dai in ransa ya ɓaci harshen gidansu yakan leƙo, shi ya sa ma "Ba" ɗin nan na girmamawa ya bi shi har ya zama kamar sunansa na yanka. Da ƙuruciyarsa yaron mota ya yi a tirelolin da ke kai shanu kudu. Ya daɗe a kan hanya, har ranar da mota ta kwanta da su a wata kwana, ya karye a ƙugu. Da ya tashi daga jinya ya ce shi da hanya an gama. Ya tattara abin da ya tara ya sayi tsohon injin niƙa, ya kafa rumfa, ya auri Hawwa. Ɗingishin ne kawai bai rabu da shi ba.

Mutum ne marar yawan magana. Kullum gari ya yi masa fari a gira da gemu, har yara suna ɗauka ya fi shekarunsa tsufa. In wata da mijinta ya rasu ta kawo niƙa, yakan niƙa mata ya juya baya yana gyaran bel, in ta miƙo hannu ya yi kamar bai gani ba, har ta gaji ta tafi. Ran Juma'a kuwa Hawwa takan yi burabusko da miyar yakuwa a babbar tukunya, a fito da tire ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, wanda ya zo wucewa a ce masa bismilla. Ba mai kuɗi ba ne, amma ba a taɓa jin ya je wurin wani da wata buƙata ba, kuma yana ji da wannan ƙwarai.

Sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Sai da aka fara fidda rai sannan Allah ya ba su Khaulat, ƙannenta biyu suka biyo baya. Don haka lokacin da abubuwa suka fara juyawa, shi ya manyanta, yaran kuma ba su kai ga ɗaukar masa komai ba.

Shekarar da mai ya yi tashin nan da kowa ya ji a jikinsa, Ba Ari ya riga mutane da yawa ganin yunwa ta shigo unguwa, domin a cikin kwanonin niƙa ya gan ta. Wadda ta saba kawo bokiti ta koma kawo kwano, mai kwano ta koma rabi. Gidajen da suke niƙan tuwo da na kunu daban suka koma abu ɗaya. Wasu ma suka daina zuwa gaba ɗaya. Shi kuma ga mai ya yi tsada, sai ya zamana yana jira niƙa ya taru kafin ya tayar da inji, wani lokacin har la'asar.

A wannan tsakanin ne aka buɗe Rumbun Unguwa. Malam Muhammadu Lawan, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, shi ya kawo shawarar bayan wata sallar asuba. Ya ce akwai shagonsa da ke zaune ba kowa a gefen masallaci, me zai hana wanda ya yi noma ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa, 'yan kasuwar hatsi su ma su zuba nasu, duk gidan da aka wayi gari babu abin ɗorawa a zo a auna masa. Mutane suka yi na'am. Ba Ari ma ya kai wake daga gonar da yake nomawa da ƙanin matarsa a wajen Gadaka.

Sai dai bayarwa ta fi karɓa sauƙi. Ba a jima ba bakin mutane ya samo wa masu zuwa karɓa suna, ana ce musu 'yan layin Lawan. Ba da mugunta kowa ke faɗa ba, amma sunan ya zauna, kuma yana da ciwo. Mata suka riƙa zuwa a ɓoye, su juye abin da aka ba su a cikin kwanonsu na gida kafin su kawo niƙa. Ba Ari yana gane hatsin rumbu da ya kalle shi, domin na gonaki da yawa ne aka haɗa, farar dawa da ja a cakuɗe, gero wani manya wani ƙanana. Mace za ta ajiye kwano ta ce, tun bai tambaye ta ba, "Daga ƙauye aka aiko mana." Shi kuma ya ce, "Allah ya saka musu da alheri," ba tare da ya ɗaga kai ba. Bai taɓa tona wa kowa asiri ba. Amma in ya koma gida yakan ce wa Hawwa, "Allah kada ya nuna mana wannan rana."

Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi yawa, ya kwanta a gonar Gadaka, abin da suka shuka ya ruɓe a tsaye. Bayan haka da 'yan watanni injin ya yi wata ƙara da bai taɓa yi ba, ya tsaya cak da niƙan mutane a cikinsa. Makaniki ya buɗe ya duba, ya girgiza kai. Ƙarfen cikin ne ya karye, kuma abin da za a kashe a gyara ya fi ƙarfin Ba Ari nesa ba kusa ba.

Ya sayar da awakin gidan. Ya sayar da kekensa. Hawwa ta fitar da kwanonin jerenta na aure ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada dako a kasuwar hatsi, amma ƙugun da ya karye bai yarda ba, in ya ɗauki buhu yau sai ya kwana biyu bai iya miƙewa sosai ba. Abinci ya koma sau biyu a gidan, daga baya ya koma sau ɗaya da ɗan kunu da safe. Tiren Juma'a ya daina fitowa. Duk da haka kullum zai wanke rigarsa ya sa hula, ya je ya zauna a rumfa kusa da mataccen injin, in an tambaye shi ya ce yana jiran kayan gyara daga Kano.

Malam Lawan ya taɓa tsayawa wurinsa bayan sallar azahar, suka gaisa, sannan ya ce, "Ba Ari, ka san dai ƙofar can a buɗe take ga kowa."

"Na sani, Malam. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu alhamdu lillahi."

Malam Lawan ya yi masa sallama ya wuce.

A kwanakin ne Hawwa ta fara azumi. Da farko ta ce ramuwa take yi. Da ramuwar ta yi tsawo ta ce na Litinin da Alhamis ne. Daga baya Ba Ari ya daina tambaya, domin ya san ta da ibada tun tana amarya, kuma hankalinsa yana can wurin neman abin da zai shigo da shi. In ya dawo da magariba yakan tarar da nasa kwanon a rufe, yara sun ci, ita kuma ta ce ta riga ta sha ruwa ta ci nata a madafa.

Wata ranar Laraba da hantsi aka aiko masa rumfa cewa Hawwa ta faɗi a bakin famfo. Ya tarar mata sun kwantar da ita a inuwa suna yi mata fifita, bokitinta na gefe a kife. Aka sa ta a keken Napep zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ja fatar idonta ta leƙa, ta taɓa wuyan hannunta, sannan ta juyo ta tambayi Ba Ari yaushe rabonta da abinci.

"Azumi take yi," in ji shi.

Khaulat, wadda ta biyo su da kayan makaranta a jikinta, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ba azumin ba ne kawai."

Ya juya ya dube ta.

"Ko an sha ruwa ba ta ci. Ruwan zafi take sha, ta kankare ƙanzon tukunya. Nata take raba mana. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe min ba." Tana gama faɗa ta fashe da kuka.

Ba Ari ya nemi bakin benci ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Aka sa wa Hawwa ruwa a jijiya. Can da ta farfaɗo sosai, ma'aikaciyar ta fita, ya matso kusa da gadon.

"Hawwa, me ya sa?"

"Malam, abin ba ya isa. Kai kana fita nema, yara suna makaranta. Ni ce ke zaune."

"Da kin faɗa min."

"In faɗa maka ka yi yaya? Ina ganin yadda kake dawowa." Sannan ta ce a hankali, "Maƙwabciyarmu ta yi min maganar rumbu ba sau ɗaya ba. Ta ce in zo mu tafi tare, ba wanda zai gane ni cikin hijabi. Na ce ba zan je ba da saninka ba. Kuma na kasa tambayarka, don na san abin da zai yi maka."

Ya daɗe yana kallon hannunta da aka manna wa allura. Hannun ya zama kamar na yarinya. Shi da yake gane yunwar gidajen mutane daga kwanon niƙa, ta gidansa ta zauna tare da shi wata da watanni bai gan ta ba.

Washegari ya ninke wani tsohon buhu ya cusa a aljihun rigarsa ya fita. Da ya iso kusa da shagon ya ga mutane a zaune a benci, mata a gefe ɗaya maza a gefe ɗaya, sai ƙafarsa ta wuce da shi. Ya shiga harabar masallaci ya yi alwala alhali ba lokacin salla ba ne. Ya fito ya sake wucewa ta gaban shagon kamar mai zuwa wani wuri, ya kai ƙarshen layi ya juyo. Yana cikin wannan sai ya ji an kira shi.

"Ba Ari! Zo ka zauna mana, ƙafar nan taka ba ta son wahala."

Alhaji Saleh ne, dillalin shanu. Shekarun baya in ya shigo kasuwar shanu da babbar riga har hanya ake ba shi. Ciniki ya karye masa, ciwon suga kuma ya ci masa ido ɗaya. Yana zaune a kan benci da buhunsa a shimfiɗe a cinya, a fili, kamar mai jiran mota.

Ba Ari ya ƙaraso ya ba shi hannu. "Wucewa nake yi, Alhaji."

"Na ga wucewar tun ɗazu. Ni ma haka na yi ta wucewa." Ya matsa ya ba shi wuri. "Zauna."

Ya zauna a ɗofane, idonsa a ƙasa.

"Ka san ranar farko abin da na yi?" in ji Alhaji Saleh. "Matata na aiko. Ta rufe fuska ta zo ta karɓa. Da ta dawo ta ajiye min a gabana, wallahi na kasa kallon ta. Na ce ni na ajiye iyalin nan, ni aka ɗora wa ciyar da su, amma da abin ya zo na kunya sai na tura mace ta ɗauka min. Tun daga ranar ni nake zuwa. Wanda zai kalla ya kalla."

"Ba ka jin abin da ake faɗa?"

"Ina ji mana. Kunnena lafiyarsa ƙalau, idon ne ya tafi." Ya yi 'yar dariya. "Yana da zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in na koma na ga jikokina suna cin tuwo, sai in ga zafin bai kai yadda nake tsoro ba. Fito da buhun, ga shi nan yana leƙe daga aljihunka."

Ba Ari ya sa hannu ya zaro shi.

Da layi ya zo kansa, Malam Lawan ya gaishe shi kamar yadda suke gaisawa kullum, ya tambayi jikin Hawwa, domin labari ya riga ya iso. Bai yi masa wa'azi ba, bai kuma nuna masa tausayin da zai ƙara masa nauyi ba. Ya ce, "Riƙe bakin buhun." Ya auna masa dawa da gero, ya ƙulla wake a leda, ya haɗa da kuka da ɗan man gyaɗa a gora. Bakin buhun ya kuɓuce wa Ba Ari har hatsi ya ɗan zube a ƙasa. Malam Lawan ya durƙusa ya tattara ya mayar.

"Waken da ka kawo bara wani gida ne ya ci," ya ce. "Wannan ma wani ne ya kawo. Haka abin yake tafiya. Ka ce da Hawwa ta fara da kunu mai kauri tukuna."

Akwai lungu ta bayan masallaci da zai kai shi gida ba tare da ya bi ta gaban mai shayi ba. Ya tsaya a bakinsa da buhu a kafaɗa, sai ya ga lungun yana da kwata da duwatsu, ƙugunsa kuma ya riga ya fara ciwo. Ya bi babban layi. A wurin mai shayi akwai mutane a zaune. Wani mai shago, wanda bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya ce, "A'a! Ba Ari, kai ma ka shiga layin Lawan?"

Ba Ari ya sauke buhun a hankali.

"Na shiga," ya ce. "Jiya matata ta faɗi a bakin famfo saboda yunwa. In ka san wani layin da ya fi wannan, ka nuna min in bi."

Mai shagon ya shiga kame-kame, yana cewa wasa yake yi. Ba Ari bai jira ƙarshen maganar ba, ya ɗauki kayansa ya wuce. Ya gaya min daga baya cewa bai ji wani ƙarfin zuciya a lokacin ba, kunya ce kawai take cin sa har ƙafa, maganar ce ta fito da kanta.

Da ya isa gida sai wata matsalar ta bayyana, wadda bai yi tunaninta ba. Hatsin yana son niƙa. Injin da ya fi kusa yana unguwar Ngojin, na wani ne mai suna Joda, wanda suka yi shekaru suna ja-in-ja a kan masu kawo niƙa, gaisuwa ma sama-sama suke yi. Khaulat ta ce ita za ta kai. Ya ce a'a. Da aka surfa aka wanke, shi ya ɗauki bokitin da kansa.

Joda ya dubi bokitin, ya dubi Ba Ari. Farar dawa da ja a cakuɗe. Duk mai inji a yankin ya san wannan hatsin.

"Na rumbu ne," in ji Ba Ari, tun kafin a tambaye shi.

"To," in ji Joda. Ya juye a inji ya niƙa. Da ya gama ya kashe injin, abin da mai niƙa ba ya yi in akwai mutane a layi, ya ce, "An ce naka ya tsaya."

"Ya tsaya."

"Ina da na markaɗe a can baya, ba mai kula min da shi yadda ya kamata. Wanda na sa yana ɓata wa mata kayan miya, kullum sai an yi faɗa. In ba za ka ga raini ba, ka zo ka riƙe min shi."

Ba Ari ya ce zai yi tunani. Bai daɗe yana tunanin ba.

Ba a ce komai ya gyaru daga nan ba. Abin da yake samu a wurin Joda yana rage wani abu, ba ya ɗauke duka. Maganar mutane ma ba ta mutu rana ɗaya ba. Khaulat ta taɓa dawowa daga makaranta idonta jawur, wata ta ce mata 'yar masu cin sadaka. Uban ya zaunar da ita ya ce ba shi da abin da zai hana bakin mutane, amma ta dubi uwarta, wadda a lokacin take tsakar gida tana daka da ƙarfinta, ta faɗa masa ko da ya bar ta a yadda take. Yarinyar ta tashi ta karɓi taɓaryar.

Abin da ya canja a unguwa kaɗan ne, amma ana gani. Bayan an ga Ba Ari a bencin nan, wasu magidanta da suke tura matansu suka fara zuwa da kansu. Sunan 'yan layin Lawan bai ɓace ba, sai dai yanzu har masu zuwan suna kiran kansu da shi suna dariya, don haka ya rage kaifi. Hawwa ta murmure, ko da yake jikinta bai koma kamar da ba. Wani watan gidan yana wucewa ba su je rumbu ba, wani watan kuma, musamman in damina ta yi nisa sabon hatsi bai shigo ba, Ba Ari yakan ɗauki buhunsa ya tafi.

Kwanakin baya na bi ta gaban shagon da safe, na jiyo murya tana tashi daga ciki. Ba Ari ne da Malam Lawan. Ba Ari, da yake yanzu yakan taya Malam aikin rumbun, ya buɗe wani buhun wake ya tarar ƙwari sun fara huda shi, ya ɗebo a tafin hannu yana nuna wa Malam.

"Wannan ai ɓarna ce, Malam! Mutane su kawo abinsu mu bar wa ƙwari? Na ce maka a nemo durom mai murfi."

"Ba Ari, durom ɗin daga sama zai faɗo?"

"Joda yana da guda biyu a bayan rumfa, ba abin da yake yi da su. Ni zan yi masa magana. Kai dai ka sa a fitar da wannan a shanya yau, kafin ya shafi sauran."

Malam Lawan ya ɗaga hannu ya ce ya ji. Suka kama buhun tare, ɗaya da ɗingishi ɗaya da tsufa, suka ja shi zuwa rana.